Muna Tafiya Kalifoniya da Mota Mai Ɗakin Kwana: Ya Dace Mu Tsaya Kallon Jirgin Queen Mary?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a Houston. Mun yi hayar mota mai ɗakin kwana da kicin, irin wadda ake ce wa RV, za mu nufi Kalifoniya a hutun yara, ni da uwargida da yara da mahaifiyata. An ce mana akwai wani tsohon jirgin ruwa a Long Beach da ake shiga kallo. Ya cancanci mu ba shi yini guda? Ina za mu ajiye motar? Kuma Hajiya tana fama da gwiwa, za ta iya?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah Ya kai ku lafiya, Ya ba Hajiya sauƙi. Ku je, kuma ku ba shi yini cikakke, amma in da hali ku bar motar a masauki ku tafi da ƙananan ababen hawa. Na yi shekaru ina aiki a ɗakin injin jiragen dakon kaya kafin in zauna a kudancin Kalifoniya, don haka ka yi mini uzuri in na daɗe a kan inji fiye da kan komai. A can ne darajar jirgin take.

Abin da ya kamata ka fara sani shi ne irin jirgin da za ka shiga. Manyan jiragen shaƙatawa na yau, waɗanda kana iya tarar da ɗaya a ɗaure dab da shi, an gina su ne don su bi inda rana take, su kauce wa hadari, su yi tafiyar ƙasaita daga tsibiri zuwa tsibiri. Queen Mary ba don haka aka ƙera shi ba. Aikinsa ya bar Southampton ta Ingila a ranar da aka sa, ya biya Cherbourg ta Faransa, ya isa New York a ranar da aka sa, ɗauke da fasinja da buhunan wasiƙu, ko da tsakiyar Janairu ne teku na hauka. Shi ya sa gabansa dogo ne mai tsini, jikinsa ƙarfe ne mai kauri da aka haɗa da ƙusoshi sama da miliyan 10, kuma babban kaso na cikinsa inji ne. Tsawonsa mita 310, kusan filin ƙwallo uku a jere, ya ɗara Titanic da kimanin mita 40. In kuka yi sa'a akwai jirgin shaƙatawa a gefe, ka tsayar da yaran a bakin ruwa su kwatanta siffar biyun kafin ku shiga. Wannan kallon kaɗai darasi ne.

Kamfanin Cunard ne ya ba da aikinsa ga masana'antar John Brown da ke Clydebank a Sikotland, aka fara a Disamba 1930. Shekara guda da farawa tattalin arzikin duniya ya durƙushe, kuɗi suka ƙare, aka sallami dubban ma'aikata, gangar jirgin ta zauna tana tsatsa sama da shekara biyu. Sai da gwamnatin Birtaniya ta ba da rance, bisa sharaɗin Cunard ya haɗe da abokin hamayyarsa White Star, kafin aiki ya dawo a 1934. An tura shi ruwa ranar 26 ga Satumba 1934, aka ba shi sunan matar Sarki George na Biyar, ya yi tafiyarsa ta farko ranar 27 ga Mayu 1936. Burin Cunard shi ne jirage biyu kacal su riƙa tashi duk mako, ɗaya daga Ingila ɗaya daga Amurka, aikin da a da sai jirage uku. Wannan lissafin ne ya tilasta gudun, domin dole ya riƙe kusan kilomita 53 a awa dare da rana. Ya yi ta musayar kambun gudu da Normandie na Faransa har 1938, lokacin da ya ƙetare Atlantika cikin ƙasa da kwana huɗu, ya riƙe kambun har 1952 da jirgin United States ya karɓe.

Yawancin baƙi suna fara hawa sama don ɗaukar hoto. Ni shawarata ku fara daga ƙasa, da safe, tun ƙafa ba ta gaji ba. Ɗakin injin baya yana nan, kuma shi ne abin da ba za ka ƙara gani a wani wuri da sauƙi ba. Yadda abin ke aiki ba shi da wuyar ganewa. Ana ƙona baƙin mai a ƙarƙashin tukwanen ruwa, tururi ya fito da zafin da ya kai kusan digiri 370 a ma'aunin Salsiyas, a tura shi cikin injina masu dubban ƙananan fuka-fukai, su juya sau dubbai a minti. Farfela ba ta son irin wannan gudun, don haka akwai manyan giya masu haƙora da ke rage shi zuwa ƙasa da juyi 200 a minti. Tururin da ya gama aiki a sanyaya shi da ruwan teku ya koma ruwa, a mayar da shi tukunya. Farfela huɗu, ƙarfin doki 160,000, kuma a rana guda yana shan man da ya kai kimanin tan 1,000.

Ka tsaya a gaban allon da injiniyoyi ke tsayawa. Za ka ga agogunan matsi jere da juna, da faifan da ke kawo umarni daga ɗakin tuƙi, da manyan sitiyari na ƙarfe da ake juyawa da hannu, ɗaya na gaba, ɗaya na baya. Kyaftin ba ya taɓa injin. Yana motsa mariƙi ne a sama, ƙararrawa ta buga a ƙasa, injiniya ya mayar da amsa cewa ya ji, sannan ya buɗe wa tururi hanya da ƙarfin damtsensa. Yau wurin shiru ne, da sanyi-sanyi. A lokacin aikinsa zafi ne da ƙara da ba ka jin maganar na kusa da kai sai ya sa baki a kunnenka, kuma mutane suna tsaye a nan awa huɗu-huɗu, suna karɓar juna har jirgi ya isa. Daga nan ku bi ramin da sandar farfela ke ratsawa zuwa bayan jirgi. An bar farfela guda ɗaya a wurinta, aka gina mata ɗaki a jikin jirgin, kana leƙa ta daga sama tana kwance cikin ruwa, faɗinta ya haura mita 5, nauyinta ya wuce tan 30. Yara sukan yi tsit a wurin. Ka riƙe hannun ƙaramin.

Akwai abin da ya kamata ka sani don kada ranka ya sosu in ka gani. Da birnin Long Beach ya saye shi a 1967 kan dala miliyan 3.45, an yashe cikinsa sosai don a samar da wurin baje koli. An cire tukwanen tururi duka, an cire ɗakin injin gaba, an cire farfela uku. Bututun hayaƙi uku da kake gani ma ba na asali ba ne, na ƙarfen sun ruɓe aka maye su da na alminiyom. A ganina cire tukwanen nan babbar asara ce da ba ta da gyara, domin da suna nan da babu gidan tarihin injiniya a duniya da zai kama ƙafarsa. Amma ko abin da ya rage ya isa a yi masa tattaki.

In kun hau sama, ku nemi babban ɗakin cin abinci na masu aji na ɗaya. A bangonsa akwai taswirar Atlantika da aka yi wa hanya, inda a da ɗan samfurin jirgi na ƙarau ke motsi yana nuna wa masu cin abinci inda aka kai. Katakon da aka lulluɓe bangaye da shi ya haura iri 50, an tattaro shi daga ƙasashen da Birtaniya ke mulka a lokacin. Wani abu da mutane ke wucewa ba su lura ba: ka tsaya a tsakiyar ɗaya daga cikin dogayen lungunan ɗakunan kwana, ka dubi ƙarshensa. Za ka ga daɓen yana lanƙwasa yana hawa sama har ƙarshen ya ɓace maka. Ba tsufa ba ne. Haka aka ƙera shi, gaba da baya sun ɗaga sama don su tari igiyar ruwa. Ka kuma lura da madogarar hannu da ke bin bango. Ba a fara da su ba. Sai da hunturun farko ya nuna irin tangaɗin da jirgin ke yi, fasinjoji suna faɗuwa, kujeru suna yawo, aka zo aka kafa su. Fuka-fukan da ke rage tangaɗi kuwa sai 1958 aka sa masa.

Yadda aka raba fasinja ma abin nuna wa yara ne. Jirgin na ɗaukar kimanin fasinja 2,100 da ma'aikata kimanin 1,100. Masu kuɗi a tsakiya suke, inda jirgi ya fi natsuwa. Masu aji na biyu a baya, inda farfela ke girgiza gado. Masu aji na uku a gaba, inda jirgi ke sama da ƙasa in teku ta tashi. Kowa da ƙofarsa da ɗakin cin abincinsa, kuma akwai shinge tsakani.

Ɓangaren yaƙi shi ne ya fi taɓa ni bayan injin. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke an kwashe kayan alatu, aka shafe shi da fenti ruwan toka, aka cika ko'ina da gadajen tamfol masu hawa-hawa, har cikin kwamin wanka da aka zubar wa ruwa. Ya kwaso sojoji daga Ostareliya, daga baya ya koma jigilar sojojin Amurka zuwa Birtaniya. A Yuli 1943 ya ɗauki mutum 16,683 a tafiya guda, jirgin da aka gina wa mutum dubu uku da 'yan kai. Abinci sau biyu a rana, rukuni-rukuni. Gudunsa ne kariyarsa: jiragen ƙarƙashin ruwa na Jamus ba su iya kamo shi, don haka mafi yawan hanya shi kaɗai yake tafiya, yana karkata hagu da dama. Wannan karkatar ce ta jawo musiba ranar 2 ga Oktoba 1942, a arewacin gaɓar Ailan, lokacin da ya afka wa Curacoa, jirgin yaƙin Birtaniya da ya fito yi masa rakiya, ya raba shi biyu. Umarnin da aka ba shi shi ne kada ya tsaya ko don me, saboda dubban sojojin da ke ciki. Ya wuce, mutum sama da 300 suka mutu a ruwa. Winston Churchill, firaministan Birtaniya na lokacin, ya hau shi sau da dama zuwa taron yaƙi, bayan yaƙi kuma shi ya riƙa kai matan da sojojin Amurka da Kanada suka aura a Birtaniya, da jariransu.

Hajiya tana iya tuna labarin manya da suka je Ingila karatu ko aiki ta ruwa, daga Apapa zuwa Liverpool, a jiragen kamfanin Elder Dempster irin su Aureol, tafiyar kusan mako biyu. Hanyarsu daban, kuma ba su kai rabin girman wannan ba, amma zamani ɗaya ne da tsari ɗaya, kuma abu ɗaya ne ya kashe su duka. Jirgin sama mai injin jet ya fara ƙetare Atlantika da fasinja a 1958, tafiyar kwana huɗu ta koma ta sa'o'i. Queen Mary ya ci gaba da tashi da ɗakuna wayam har Cunard ya haƙura. Bayan ƙetare Atlantika sau 1,001, ya bar Southampton ranar 31 ga Oktoba 1967, ya zagaya ta ƙasan Kudancin Amurka saboda ya fi ƙarfin mashigin Panama, ya iso Long Beach ranar 9 ga Disamba. Takwarorinsa ba su yi wannan sa'ar ba. Normandie ya ƙone a New York a 1942, Queen Elizabeth, ɗan'uwansa na kamfanin Cunard, ya ƙone a Hong Kong a 1972, United States ya yi shekaru yana ruɓewa a Philadelphia har aka ja shi a 2025 da nufin nutsar da shi ya zama matattarar kifi. Aureol ma an yanka shi an sayar da ƙarfen.

Za a yi ta tallata muku zagayen fatalwa, domin shi ne ya fi kawo wa wurin kuɗi. Ban ba ku shawararsa ba, kuma ba don tsoro ba. Ɗaya daga cikin wuraren da ake nunawa ƙofa ce ta tare ruwa a ƙasan jirgi, inda ta matse wani matashin ma'aikaci ta kashe shi a 1966. Ɗan wani ne, ya mutu a bakin aikinsa, kuma duk wanda ya yi aiki a jirgi ya san yadda ƙofofin nan suke rufewa ba tare da jiran kowa ba. Ba na jin daɗin a mayar da mutuwarsa abin tsorata baƙi. Ku zaɓi zagayen tarihi da na injina. Ku sayi tikiti ta intanet tun kafin ranar, ku duba lokutan, domin masu jagora rukuni-rukuni suke ɗauka.

Kada kuma ku sa ran ganin sabon abu. An rufe jirgin a 2020 lokacin korona, kamfanin da ke riƙe da shi ya karye, birnin ya karɓe shi a 2021, aka yi gyaran gaggawa, har da sauke yawancin kwalekwalen ceto saboda nauyinsu na lahanta jikinsa, aka sake buɗewa a 2023. Za ku ga tsatsa, za ku ga inda aka rufe ana aiki. Ƙarfe ne da ya haura shekara 90 yana zaune a ruwan gishiri, domin har yanzu a kan ruwa yake, cikin shingen duwatsu, yana ɗagawa yana sauka da cikar teku.

Batun Hajiya: za ta iya, in kun tsara. Akwai lif da ke kai mutum mashiga, akwai kuma a ciki. Dogon barandar da ke zagaye jirgin shimfiɗaɗɗiya ce, a rufe da tagogi, da wuraren zama, kuma manyan zauruka a nan kusa suke. Ɗakin inji ne ba nata ba, matakalansa ƙarfe ne masu tsayi da ƙunci. Ku raba kanku, kai ka sauka da yara, uwargida ta zauna da ita a sama, daga baya ku yi canji. Ku kula da dokin ƙofa, da yawa an ɗaga su don hana ruwa shiga, suna kama ƙafa. In kuna da keken guragu mai naɗewa ku taho da shi ko da tana tafiya da ƙafarta, saboda nisan da ake takawa a cikin jirgin yana da yawa. Takalmi mai laushi, da mayafi mai ɗan kauri, domin iskar teku da safe tana da sanyi ko a watan Yuni.

Yanzu motar. Daga Houston babbar hanya mai lamba 10 za ku bi, ta El Paso da Tucson da Phoenix, tafiyar kusan kilomita 2,500. In da rani ne ku ratsa hamadar da sassafe, ku duba iskar taya kowace safiya kafin ta ɗumama. Wahalar tuƙin ba a hamada take ba, a ƙarshe take. Hanya mai lamba 710, wadda ke kai ka har bakin jirgin, ita ce hanyar tireloli masu kwasar kwantena daga tashoshin Long Beach da Los Angeles, mafi hada-hada a Amurka. Ga mutumin da bai saba da doguwar mota ba, a sa shi tsakanin tireloli biyu da yamma ba ƙaramin abu ba ne. Ka shigo tsakanin ƙarfe goma na safe da biyu na rana, ka riƙe layin dama-dama, ka karanta allunan tun daga nesa, domin a ƙarshen hanyar ta rabu: ɗaya cikin gari, ɗaya tashar kaya, ɗaya wajen jirgin. Ka rubuta tsayin motar da ƙafa da inci a takarda ka manna gaban sitiyari. Gidajen ajiye mota masu rufi na cikin gari ba naka ba ne ko ɗaya.

Filin ajiye mota na bakin jirgin na biya ne, kuma a buɗe yake, amma yana maƙwabtaka da tashar jiragen shaƙatawa, wato katafariyar farar ƙubbar nan da a da aka ajiye jirgin saman katako na attajirin Amurka Howard Hughes a ciki. Ranar da jirgi ke sauke mutane yana ɗaukar wasu, wurin cushewa yake. In dole sai da motar za ku je, ka kira tun da wuri ka tambayi inda ake ajiye manyan motoci da kuɗinsu, ka iso da wuri, ka faka a gefe inda za ka fita ba tare da ja da baya ba. Kada ka yi tunanin kwana a wurin, kada kuma ka ajiye ta a titin unguwa, birnin yana da doka kan manyan motoci a bakin titi.

Abin da ya fi shi ne masaukin irin waɗannan motoci. Akwai Golden Shore a cikin Long Beach ɗin, a ƙetaren ruwa kaɗan daga jirgin. Akwai na bakin teku a Bolsa Chica ta kudu, da Dockweiler kusa da filin jirgin saman Los Angeles, sai dai can ƙarar jirage ba ta yankewa. Dukkansu suna cika da wuri a lokacin hutu, ka kama wuri tun yanzu. Ka jona wuta da ruwa, ka daidaita motar ta zauna daidai don firiji ya yi aiki, ka ja labule, ka ɗauki fasfo da magungunan Hajiya a jaka, ku kira tasi ta waya. A da, lokacin rani, akwai ƙaramin jirgin ruwan haya da ke zirga-zirga tsakanin bakin garin da wajen jirgin; ka tambaya ko har yanzu yana aiki, domin tunkarar Queen Mary ta ruwa ya fi kowace hanya nuna girmansa. In tafiyar ta faɗo Afrilu, ka duba ranakun tseren motoci na Long Beach, ana rufe titunan bakin ruwa.

Jirgin otal ne kuma, yana da ɗakuna sama da 300. In aljihu ya yarda, kwana ɗaya a ciki ba asara ba ce, ko da kuna biyan masaukin mota. Ɗakunan na asali ne, da katakonsu da ƙananan tagogi zagayayyu, kuma a wasu banɗakunan za ka ga kawunan famfo huɗu da rubutunsu: ruwan gishiri mai zafi da mai sanyi, ruwan daɗi mai zafi da mai sanyi. Bangon dai siriri ne, ana jin maƙwabta, ka ja wa yara kunne.

Gidajen abincin ciki suna sayar da giya da naman alade, don haka ku ci ku ƙoshi a motarku kafin ku fito, a can ku tsaya kan kifi da kayan lambu. Don salla, a saman jirgin ta baya akwai wurare masu sarari da ba a cika bi ba. Alƙibla daga nan arewa ce, ka ɗan karkata gabas da kimanin digiri 24, ba gabas sak ba, kuma ka duba ta a waya tun kana kan tudu, domin ƙarfen jirgi yana rikita kamfas.

In kun kwana biyu a yankin, washegari akwai gidan kifaye na Aquarium of the Pacific a ƙetaren ruwa, wanda Hajiya za ta zagaya ba wahala, da jirgin yaƙin Iowa a San Pedro ga yaran da injin ya burge. Ranar tashi ka zubar da tankin ƙazanta a masauki, ka cika na ruwa, kuma in arewa za ku nufa ta hanyar bakin teku mai lamba 1, ka duba halin da take ciki a Big Sur, yankin da take bi ta gefen duwatsu a bakin teku, kafin ka ɗau hanya, domin zaftarewar ƙasa takan rufe ta wata da watanni, kuma juya doguwar mota a can aiki ne babba.